Dara a Bakin Iyaka: Wasa da Labari Tsakanin Katsina da Maraɗi

Jibiya gari ne na ƙasar Katsina, yamma maso arewa da Birni, tafiyar kamar mil 30. Daga nan zuwa Maraɗi ma kusan haka ne, watau garin ya zauna ne a tsakiyar hanya. Kusa da shi, a Magama, nan shingen iyaka ya ke, inda ma'aikatan kwastan da na shige da fice na Nijeriya su ke duba mutane da kaya. In an wuce sai Ɗan Isa, inda na Nijar su ke yin nasu. Gulbin da ya bi ta gefen Jibiya shi ne ya ke shiga Nijar, ya ratsa ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Gulbin Rima.

Bakin iyaka wurin jira ne. Direba na jiran a sa wa takardarsa hannu, ɗan kamasho na jiran fasinja, ɗan canji na jiran mai sefa. A ƙasar Hausa kuwa, duk inda maza suka daɗe suna jira a inuwa, da wuya a rasa waɗanda suka duƙufa a kan wani wasa, ko dara, ko lido, ko karta, ko kuma a zamanin nan wasan cikin wayar hannu. Abin da wannan takarda za ta bincika shi ne yadda waɗannan wasanni na zaune su ke ɗauke da labari, da kuma mai labarin a kowane ɗaya. An zaɓi Jibiya domin nan ne labari ɗaya ya rabu biyu tun shekaru fiye da 200 da suka wuce, kowane ɓangare yana ba da shi ta fuskarsa.

Dara

Wasa biyu Hausawa su ke kira dara. Ɗaya ita ce mai gida 12, wadda a ke zuba 'ya'ya huɗu huɗu a kowane gida, a riƙa kwasa ana rarrabawa. Ita ce 'yar'uwar ayo ta Yarabawa da oware ta mutanen Gana, mata da yara sun fi yin ta. Ɗayar kuwa, wadda ita a ke nufi a nan, ita ce ta manyan maza, mai gida 30.

Ga yadda a ke yin ta. Sai a share ƙasa, a tona 'yan ramuka jeri 5, kowane jeri gida 6. Kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara ko tsinke, a can arewa har da busasshen kashin raƙumi, don dai a bambanta. Da fari sai su yi ta sa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sa, wancan ya sa, ba a yarda kowa ya jera uku ba tukuna. In 'ya'ya 24 sun zauna, saura gida 6 babu kowa, sai a fara tafiya. Ɗa ya kan matsa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin kusurwa. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasansa. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ƙare har ba shi da abin jera uku, an kashe shi. Akwai 'yan bambance-bambance daga gari zuwa gari, wasu na ƙara jeri, amma ginshiƙin ke nan.

Gwanaye sun san wasan ya kan ƙare tun wajen sa 'ya'ya, kafin a motsa ko ɗaya. Abin da kowa ya ke nema shi ne ya zaunar da 'ya'ya biyar yadda biyu na wannan jeri, biyu na jerin da ke kusa, na biyar kuwa yana kai da komowa tsakanin gida biyu, in ya hau ya cika uku, in ya sauko ya cika uku. Wanda ya sami wannan ya riƙa ci ke nan a kowane motsi, abokinsa na kallo ana kwashe masa 'ya'ya, sai fa in ya sami hanyar toshe gidan. A wasu wurare sunan wasan ma doki, kuma duk wanda ya ga ɗan nan yana sukuwa tsakanin gida biyu ba zai yi mamakin sunan ba. Zabarmawa na ce da wasan dili. Baturen nan Charles Béart ya kawo ire-irensa a littafinsa na wasannin Afirka ta Yamma da aka buga a Dakar cikin 1955, R. C. Bell kuma ya bayyana shi a nasa littafin na 1960, ya danganta shi ga Dakarkari. Daga littafin Bell ne maganar ta bazu a Turai cewa dara wasan Dakarkari ne, alhali kuwa daga ƙasar Zabarma har Katsina da Damagaram ana yin ta.

To, ina labari a cikin wannan? 'Ya'yan dara ba su da suna. Babu sarki, babu waziri, babu bawa, tsakuwa dai tsakuwa ce, kowace daidai da 'yar'uwarta. Amma a saurari kalmomin da a ke yin wasan da su: gida, 'ya'ya, ci, tsarewa, kashewa. Kalmomin zaman iyali ne da na yaƙi aka gwama. Mutum na da gida, yana da 'ya'ya, wani ya zo ya tsare masa ƙofa, ya ci masa ɗa. Wannan kuwa shi ne zaman da mutanen wannan yanki suka yi shekara da shekaru. Har karin magana ya fita daga nan, in dabarar mutum ta juyo kansa ko kan nasa, sai a ce dara ta ci gida.

Sauran labarin a bakin mutane ya ke. Ba a yin dara shiru. Mai ci yana yi wa kansa kirari, yana yi wa abokinsa habaici, 'yan kallo na zuga wannan suna yi wa wancan dariya, wani tsoho na tuna wani gwani da ya mutu tuntuni da irin kisan da ya kan yi. In tsakanin 'yan wasan akwai wasan barkwanci, kamar na Katsinawa da Gobirawa da abokan wasansu, sai a jawo tsohon tarihi a ɗora a kan tsakuwa. Wasa ɗaya na da farko da tsakiya da ƙarshe, da dabara da yaudara da faɗuwar mai girman kai, kamar dai tatsuniya. Bambancinsu, tatsuniya ta dare ce, mutanenta kuma sanannu ne, Gizo da Ƙoƙi da Kura, mai ji ya san halin kowa tun ba a fara ba. Dara ta rana ce, kuma sai an tashi a ke sanin wane ne Gizo, wane ne Kura.

An tara tatsuniyoyi da yawa. Frank Edgar kaɗai ya buga littafi 3 tsakanin 1911 da 1913. Dara ba ta sami wannan gata ba, ga alama kuwa dalili biyu ne. Na farko, da an tashi a ke shafe ramukan da ƙafa. Na biyu, waɗanda ke da alƙalami a ƙasar Hausa kafin zuwan boko malamai ne, littafin Risala na Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan kuwa, wanda babu makarantar ilmi da ba a karanta shi, ya hana wasan nardu da shaɗaranji a babinsa na kusa da ƙarshe, ya karhanta zama wurin masu yi, amma ya halatta tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya. Ko da ya ke bai ambaci dara ba, malamin da ya tashi da wannan karatu ba zai ɓata tawadarsa a kan wasan ƙasa ba. Shi ya sa a ke da sunayen sarakuna da na yaƙe-yaƙe a rubuce, gwanayen dara kuwa sai abin da tsofaffi suka riƙe.

Katsina biyu

Cikin 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a ƙarƙashin Malam Umarun Dallaji, suka ci Birnin Katsina. Sarakunan Haɓe suka fita arewa, aka bi su aka sake karya su a Ɗankama, inda Magajin Halidu ya rasu. Waɗanda suka tsira suka yi zaman gudun hijira wajen Damagaram, har wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar sarauta a Maraɗi. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi kawai ba, Sarkin Katsina ya ke, kuma har yau mai gadon wannan gida Sarkin Katsinan Maraɗi a ke ce masa. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka faɗi a wurin. Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi, aka ci gaba da kai hari kudu. A zamanin Ɗan Baskore, wanda M. G. Smith ya sa mulkinsa daga 1854 zuwa 1875, mayaƙan Maraɗi sun yi ta ratsa ƙasar Katsina har su wuce ta. A ƙarshen ƙarnin kuma sunan Ƙaura Hasau ya cika ƙasa.

Ƙasar da ke tsakanin biranen biyu ita ta sha wuya. Garuruwa suka tashi, daji ya cinye gonaki. Sa'ad da Heinrich Barth ya biyo daga Tasawa ta Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ta cikin dajin da matafiya ke tsoro ya bi, ya kuma ga kufan Ɗankama. Yankin Jibiya da Ruma na cikin wannan fili da a ke kai da komowa a kansa, yau na wannan, gobe na wancan.

Labarin waɗannan shekaru iri biyu ne. A Birnin Katsina labarin jihadi ne da tsaron ƙasar Musulunci daga maharan arewa. A Maraɗi labarin masu gida ne da aka fitar daga gidansu, suna neman komawa. Na farko ya shiga littattafan Larabci na Sakkwato, daga nan ya shiga na makarantun Nijeriya ta Arewa. Na biyu ya zauna a bakin maroƙa da makaɗan fada, har Landeroin, tafintan ayarin Faransawa masu shata iyaka, ya rubuta abin da ya ji a Maraɗi da Tsibiri, daga baya kuma Philippe David ya tara labarin Ƙaura Hasau. Sai a littafin Yusufu Bala Usman na 1981 a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 aka zauna aka auna riwayoyin biyu da ma'auni ɗaya.

Ana yawan cewa Turawa sun ja iyakokin Afirka ne da ido rufe. A wannan wuri maganar na bukatar gyara. Gaskiya ne da fari haka suka yi. Cikin 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, ba tare da sun san abin da ke tsakani ba. Cikin 1898 suka dasa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka zagaya mil 100. Da Faransawa suka zo bin rabonsu, sai suka tarar ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Suka koma teburin shawara. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar Niyufanlan, can gabashin Kanada, Ingila kuma ta biya ta da wasu tsibirai kusa da Konakiri, da wani yanki a Gambiya, da kuma matso da iyakar Nijeriya kudu. Wannan ita ce darar da ta fi kowace girma a tarihin yankin: an ba da ɗa a bakin tekun Kanada, an ci ɗa a ƙasar Hausa, 'ya'yan da aka motsa kuwa ba wanda ya tambaye su. Amma yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906, wadda ta daidaita layin, ta yi ƙoƙarin bin iyakokin sarautun da ta tarar, Maraɗi da Tsibiri ga Faransa, Katsina ga Ingila. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suka kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Cadi. Saboda haka shingen Magama na tsaye ne kusa da inda dawakin Maraɗi da na Katsina suka bar wasan. Abin da Turawa suka yi shi ne suka hana a sake motsa ɗa.

A nan ne amfanin rashin sunan 'ya'yan dara ya ke fitowa. Bakatsinen Birni da Bakatsinen Maraɗi za su iya zama a kan gida 30 ɗin nan, kowa da riwayar da ya gada, ba abin da ke cikin wasan da zai tilasta wa ɗayansu ya zama ɗan tawaye ko ɗan ƙwace. In za a yi gori, da baki za a yi, a kuma rama da baki, in an tashi a shafe. Da 'ya'yan na da suna, da an sa wa wani Dallaji wani Ɗan Kasawa, da wuya wasan ya ƙetare shingen nan lafiya.

Wasannin da suka zo da labarinsu

Akwai wasannin da mai ƙirƙirarsu ya riga ya sa labari a ciki. Babbansu shaɗaranji, wanda aka fara a Hindu wajen ƙarni na 6, 'ya'yansa kuwa rundunar sarki ce, giwaye da dawaki da karusai da dakaru. Ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Larabawa, ya iso har Barno, inda a ke ce masa tsatsarandi. C. K. Meek ya ba da labarinsa a mujallar Man cikin 1934, P. G. Harris ya ƙara bayani cikin 1939, a lokacin masu iya shi sun kusa ƙarewa. Abin lura shi ne Barebari sun sauya wa 'ya'yan suna, suka ba su sarautun fadarsu, akwai Mai, akwai Ciroma, akwai Kaigama. Sun karɓi wasan baƙi, amma sun sa shi ya ba da labarin gidansu. Kuma da ya ke wasan fada ne, da fadar ta sauya sai ya bi ta.

Zamanin Turawa ya kawo nasa, iyakar 1906 kuwa ta raba su kamar yadda ta raba harshen makaranta da kuɗin kashewa. Kudu da shinge aka sami lido, wanda asalinsa wasan pacisi ne na Hindu, aka yi masa rajista a Ingila cikin 1896, da kartar Whot, wadda wani Bature William Storey ya fitar cikin 1935, ta zama kartar Nijeriya duka. Arewa da shinge kuwa kartar Faransawa da a ke kira belot ta zauna. Ba a ce ba sa ƙetarawa ba, fatake da direbobi na ɗauke da su, amma kowa ya san gidan kowanne.

A bayan allon lido a kan sami wasan maciji da tsani. Yara na yin sa ba su san wa'azi ne aka kankare ba. A Hindu, inda aka ƙage shi, kowane tsani sunan wani halin kirki ne da ke ɗaga rai, kowane maciji sunan wani zunubi ne da ke mai da shi baya, gida na ƙarshe kuwa tsira. Turawan Ingila suka ɗauka a ƙarshen ƙarni na 19 suka sa nasu halayen, daga baya 'yan kasuwa suka share rubutun duka, sai macizai da tsanuka kawai suka iso kasuwannin ƙasar Hausa. Haka kuma Monopoly. Wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ta yi wa asalinsa rajista cikin 1904, shekarar da aka yi cinikin Maraɗi da kifin Kanada, nufinta ta nuna wa mutane yadda masu tara filaye ke talauta masu haya. Da kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi cikin 1935, sai ya zama wasan murnar tara filaye. Cikin 2012 aka yi na Ikko, unguwar Banana Island ce mafi tsada, Makoko mafi araha. Labarin da aka sa a cikin kwali, ashe, shi ma ba ya zama yadda mai shi ya so. Mai sayarwa na iya juya shi.

Ƙasar Hausa a cikin kwamfuta

Wasannin kwamfuta sun ɗauki wannan hanya sun kai ta nesa, gama su suna iya ɗaukar taswira da shekaru da sunayen mutane da muryoyinsu. Abin da ya fi yawa a wayoyin samari da ɗakunan wasa na garuruwa shi ne ƙwallon ƙafa da lido da wasannin harbi. Amma akwai wani jinsi na wasannin tarihi, masu bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, waɗanda ya kamata malamin tarihi ya san da su, domin ƙasar Hausa na cikinsu, kuma miliyoyin mutane a duniya ta nan su ke fara jin sunanta.

Kamfanin Paradox na Istokholm a ƙasar Suwidin ya fitar da Europa Universalis IV cikin 2013. Wasan na farawa daga 1444 ya ƙare 1821, mai wasa na iya ɗaukar Katsina ko Kano ko Zazzau ya yi mulki. Cikin 2020 suka fitar da Crusader Kings III, inda Daurama ta Daura na cikin sarakunan da aka ba mai wasa shawarar ya fara da su, a shekarar 867. Cikin Agusta 2021 aka ƙara Hausawa a wasan Age of Empires III na kamfanin Microsoft, da mahaya masu lifidi, da maharba Fulani, da dakarun da ke amsa umarni da Hausa, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, har da wani fagen yaƙi da aka gina a kan jihadin farkon ƙarni na 19. Cikin 2025 Amina ta sake fitowa a Civilization VII.

Ba daidai ba ne a raina wannan aiki. Masu yin sa sun yi karatu, lifidin da suka zana lifidi ne. Kuma sun kawo abin da littafi ba ya iyawa, watau su sa mutum a matsayin mai yanke shawara, ya ji nauyin rashin dawaki, ko rashin kuɗin biyan mayaƙa, ko maƙwabci mai ƙarfi ta arewa. Ɗalibin da ya riƙe Katsina a irin wannan wasa zai gane dalilin da ya sa hanyar Agadas ta zama abin faɗa fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Amma wasa na da bukatunsa, su ne kuma ke gaba da tarihi in sun yi karo. Riwayar Daura ba ta ba Daurama shekara ba. An sa ta a 867 ne don a shekarar wasan ke farawa, yaron da ya gani kuwa zai ɗauka an tabbatar. Burin da aka ɗora wa mai wasa da ita shi ne zuriyarta ta gyara wani addinin gargajiya ta shimfiɗa shi a Afirka duka, abin da ba shi da tushe a wata riwaya ta Daura. Amina, wadda Tarihin Kano ya sa a zamanin Sarki Dauda a ƙarni na 15, waɗansu masana kuma suka kai ta ƙarni na 16, ga ta tana jagorancin runduna mai bindigogi da igwa. Sa'an nan taswirar irin waɗannan wasanni na son kowace ƙasa ta zama launi ɗaya mai iyaka tsaf. Ba ta da yadda za ta nuna abin da ya faru tsakanin 1819 da 1903, sarki biyu kowa na amsa sunan Sarkin Katsina, da faffaɗan daji a tsakani wanda ba na kowa ba, da talakawan da ke biyan wannan haraji su biya wancan fansa.

Wani abu guda dai ya haɗa waɗannan wasanni da fadar Maraɗi. Mai wasa da Katsina a Europa Universalis na iya riƙe Birni har 1807 ta wuce ba a ci shi ba, watau yana ba da labarin "da a ce". Gidan Ɗan Kasawa kuwa, da suka ƙi sakin sunan Sarkin Katsina, irin wannan labari suka riƙe, da dawaki a ƙarni na 19, da tambari da kirari bayan an kafa shinge.

'Yan Afirka ma sun shiga sana'ar. Kamfanin Maliyo na Ikko ya fara cikin 2012, Kiro'o na Yawunde a Kamaru kuma ya fitar da Aurion cikin 2016, wasan da aka gina a kan tufafi da al'adun Afirka. Kayan gina irin wannan na nan jibge tsakanin Katsina da Maraɗi, sai dai mai ginin zai tarar da tambayar da dara ta kauce wa, ta wace fuska za a ba da labarin, kuma wane ne mai wasa zai zama.

Shinge da waya

An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har Maris 2024. Cikin Satumba 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Jibiya na ciki, bayan an riga an rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a ƙarshen Agusta. Dajin da ya ɓoye mahara a zamanin Ɗan Baskore ya sake ɓoye wasu. A watannin nan duk wasan da ke bukatar intanet ya mutu a hannun mai shi. A shekarar ce kuma, cikin Fabrairu, aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Rubuta wasan dara ba shi da wuya, ɗaliban kwalejin horon malamai na iya yi a hutu ɗaya. Sai a ba jeri 5 haruffa, a ba gida 6 lambobi, a rubuta inda aka sa kowane ɗa da inda ya matsa, kamar yadda masu shaɗaranji ke yi. Sai dai motsin kaɗai rabin abin ne. Dole a ɗauki maganar da aka yi a kan kowane motsi, ta 'yan wasa da ta 'yan kallo, a rubuta garin kowane ɗan wasa da garin wanda ya koya masa, da sunan da ya ke ba kowane irin jeri da kowane irin kisa. In an yi wannan a Jibiya da Batsari da Kaita, aka yi irinsa a Ɗan Isa da Madarunfa da Tsibiri, sai a jera takardun a ga kalmomin da suka tsaya a shinge da waɗanda suka wuce.